Ku Fasa Mana Buhun Nan, Yashin Rafi Yana Cin Huhun Yaranmu

A ƙasar nan babu abin da ba a ƙulla wa talaka. Sukari ƙulli, omo ƙulli, man gyaɗa a ludayi, fetur a kwalba, siminti a kwano, ƙusa a irga maka guda biyar, sandar walda ka sayi ƙwaya ɗaya ka tafi. Ɗan kasuwarmu gwani ne wajen fasa babban kaya ya raba shi daidai aljihun mai saye, kuma da wannan gwanintar ce rabin gari ke rayuwa. To amma je ka nemi kilo 10 na tsakin da ake fesa wa ƙarfe don a cire masa tsatsa. Za ka sha yawo a rumfunan kayan gini da na kayan fenti har ƙafarka ta yi nauyi. Wani bai taɓa jin sunansa ba, wani zai ce ka dawo mako mai zuwa, wani kuma zai nuna maka tulin yashin gini a bakin titi ya ce ga shi nan a banza, me za ka sha wahala a kai? Wannan amsa ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin da ita ake tura 'ya'yan mutane kabari a hankali, kuma babu wanda ya damu.

Ga wanda bai san aikin ba, abin ba shi da wuyar fahimta. Ana tara iska a tankin kwamfaresa, a sake ta da ƙarfi ta cikin tiyo, ta kwashi tsaki ta watsa shi a jikin ƙarfe ta wani ɗan siririn baki. Tsakin yana dukan tsatsa da tsohon fenti yana ɓantare su, har ƙarfen ya fito fes, launin toka, da ɗan kaushi-kaushi. Wannan kaushin shi ne sirrin aikin, don shi ne yake ba sabon fenti wurin kamawa. Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Tilghman ne ya yi rajistar dabarar a 1870, kuma har yau babu abin da ya kama ƙafarta wajen shiga lungu da saƙo na ƙarfe. Burushin waya yana goge saman tsatsa ne kawai ya bar ta a cikin ramukanta. Samfefa ba ta shiga kusurwa. Shi ya sa za ka ga an kafa wa mutum ƙyauren gida na dubban ɗaruruwa, an shafe shi da fenti mai ƙyalli, damina ɗaya ta wuce fentin ya kumbura yana ɓarewa, jar tsatsa na zubowa a jikin bango. A kan tsatsa aka yi fentin, ba yadda za a yi ya zauna.

Ina da ɗan shago a bayan gidana inda nake tayar da tsofaffin abubuwa: kekunan ɗinki, ƙafafun injin niƙa, ƙafafun babur, wani lokaci tsohuwar Vespa da mai ita ya ƙi rabuwa da ita. Abin da nake buƙata a wata bai wuce buhu ɗaya ba. Kuma irina muna da yawa: mai gyaran jikin mota da ke son wanke ƙarƙashin tsohuwar tasi, mai walda da aka kawo wa gadajen makaranta, mai gyaran injin ban ruwa, mai rubutu a jikin gilashi. Babu ɗayanmu da yake da wurin ajiye tan guda, balle kuɗinsa.

Kayan kuwa akwai su a Najeriya, kada wani ya ce maka babu. Suna jibge a ɗakunan ajiya a Legas da Fatakwal, inda kamfanonin mai da masu gyaran jiragen ruwa ke shan su kamar ruwa wajen wanke bututu da manyan tankuna. Ganet ne, wani jan yashi mai nauyi da ake haƙowa a gaɓar tekun yammacin Ostareliya da kudancin Indiya, da baƙin tsakin da ke fita daga narka tagulla, da tsakin ƙarfe. Ana shigo da su cikin manyan buhunan tan ɗaya, ko ƙananan buhuna masu kilo 25 da aka jera guda 40 a kan katako aka naɗe da leda. Ka ji, ƙananan buhunan ma akwai su. Amma ka buga waya ka ji. Na kira wani dillali a kudu, muka gaisa da mutunci, ya ce, "Alhaji, tan nawa za a ɗora maka?" Na ce buhu biyu nake so. Sai muryarsa ta sauya, ya ce ba sa fasa ɗauri, in nemi masu sayarwa a garinmu. Su wa? Da akwai su da na kira ka? Wanda ya yarda ya fasa kuwa sai ya ninka kuɗin, sannan ka biya mota ta ɗauko maka shi tafiyar kilomita kusan 1,000, kuɗin dako ya kusa kamo kuɗin kaya. Masu cewa a yi oda daga Sin ta jirgin sama ba su taɓa lissafa kuɗin kilo 25 na dutse a sikelin masu kago ba.

To mai ƙaramin aiki ya zai yi? Ya riga ya sayi kwamfaresa, ya ga yadda ake haɗa tukunyar feshi da tsohuwar tukunyar gas a bidiyon waya, mai kaya yana tsaye a kansa. Sai ya aiki yaro da baro wurin masu tifa, a ɗebo yashin rafi, a shanya, a tankaɗe da ragar sauro, a zuba. Kuma yana aiki, wannan ce masifar. Ƙarfe yana fitowa fari tas, mai kaya ya yi murna ya biya, maigida ya ga ya gano hanya mai sauƙi.

Yashin rafi yawancinsa ƙanƙarar dutse ce, wadda masana ke kira silika. Yana kwance a bakin kogi ba ya cutar da kowa, don ƙwayoyinsa manya ne. Amma idan iska mai ƙarfi ta maka shi a jikin ƙarfe sai ya tarwatse ya zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, wadda ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Gashin hanci ba ya tare ta, majina ba ta kama ta. Tana wucewa har can ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini, ta zauna. Ƙwayoyin da ke tsaron jiki su zo su haɗiye ta don su kawar da ita, ita kuma ta kashe su, wasu su zo su ma su mutu, wurin ya yi tabo. Tabo kan tabo har huhu ya sandare ya kasa buɗewa. Ana kiran cutar silikosis. Ba ta da magani. Ko mutum ya bar aikin tana iya ci gaba da cinsa. Mai fasa dutse ko mai haƙar ma'adinai yakan yi shekara 10 ko 20 kafin ta bayyana, amma mai feshin yashi yana tsaye ne a tsakiyar hazon, ga ƙurar sabuwar fashewa wadda ta fi dafi, don haka tasa takan zo cikin 'yan shekaru, wani lokaci ma cikin watanni.

Wannan ba sabon labari ba ne da za a ce bai iso ba tukuna. Tun 1936 wani likitan duba masana'antu a Ingila, Merewether, ya nuna cewa masu feshin yashi da cutar ta kashe ba su wuce kimanin shekara 10 a bakin aiki ba, alhali a sauran sana'o'in ƙura sai an kai wajen shekara 40. Ingila ta haramta fesa yashi a wannan aiki da dokar 1949. A Amurka cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta nemi a hana shi tun 1974. A 1997 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar silika a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Turawa sun gama wannan muhawara tun kakanninmu na raye, mu kuma yanzu muke fara tankaɗe yashi da ragar sauro.

Wanda yake ganin ai wannan zancen manyan masana'antu ne, ya dubi abin da ya faru a Turkiyya, don yanayinsu ya yi kama da namu har abin ya ba da tsoro. A shekarun 1990 zuwa farkon 2000 an yi yayin wandon jins mai koɗaɗɗen launi, sai ƙananan shaguna suka cika bayan garin Istanbul suna fesa wa wanduna yashi don su yi kamar sun tsufa. Ma'aikatan samari ne 'yan ci-rani daga ƙauyukan gabashin ƙasar, da yawa a shagon suke kwana. Likitocin Erzurum ne suka fara lura da samari suna zuwa da numfashi sama-sama. A binciken da suka fitar a 2008, cikin tsofaffin ma'aikata 145 da aka ɗauki hoton ƙirjinsu, 77 suna da cutar, yawancinsu 'yan ashirin da wani abu, kuma matsakaicin tsawon aikin da suka yi bai wuce shekara uku ba. Shekara uku! Yaron da ka ɗauka koyon sana'a bai ma kai ga yaye ba. Gwamnatin Turkiyya ta hana abin a 2009, kamfanonin Levi's da H&M suka sanar da daina shi a 2010, amma waɗanda ƙurar ta riga ta shiga ƙirjinsu ba abin da hanin ya mayar musu.

Namu ma ya fi muni ta wata fuskar, domin shagon mai ƙaramin ƙarfi a cikin gida yake, ko a zaure, ko a filin da ke jikin katanga. Ƙurar ba ta san iyakar shago ba. Tana sauka a kan shanyar tufafi, a kan garin tuwo, a bakin randa, a tabarmar da jariri ke rarrafe. Uwargida ta zo da tsintsiya da safe ta sake tayar da ita. Ga tsohon fentin da ake ɓantarewa, wanda sau da yawa akwai dalma a cikinsa, musamman jan fentin ƙasa na tsofaffin ƙarafa. Mu da muka ga abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a tsakar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega har yara fiye da 400 suka rasu, bai kamata a sake yi mana bayanin illar kawo ƙurar sana'a cikin gida ba.

Kariyar da muke yi kuma abin kuka ce. A naɗa rawani a rufe hanci, ko a jiƙa hankici, ko a rataya takunkumin takarda irin na lokacin korona. Duk waɗannan suna tare ƙurar da ake gani ne, mai kisan tana bi ta cikinsu ta wuce. Sannan in an tashi aiki maigida ya saya wa yaro gwangwanin madara ya ce ya shanye ta wanke masa ƙirji. Wallahi wannan magana ta madara ta daɗe tana ci mini rai. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu ta shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Babu abin da take wankewa. Amfaninta ɗaya shi ne ta kwantar wa maigida da hankali ya ji ya sauke nauyi.

In yaron ya fara tari da rama da haki, sai a ce tarin fuka ne. Sau da yawa ma gaskiya ne, domin huhun da silika ta raunata ya fi saurin kamuwa da tarin fuka ninki-ninki, kuma Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta. Sai a ɗora shi a kan magani na wata shida, ƙwayar cutar ta mutu, hakin ya ƙi tafiya. A koma ga masu magani, a ce sammu ne, a ce iska ce. Ya koma ƙauyensu ya kwanta. Ranar da ya cika a ce kwana ya ƙare. Haka ne, kowa da ajalinsa, amma addininmu bai ce mu miƙa wa ɗan wani guba mu ce ƙaddara ba. Ba a rubuta sunansa a kowane littafi a matsayin wanda sana'a ta kashe, saboda haka a takarda matsalar ba ta wanzu, kuma abin da bai wanzu a takarda ba babu mai ware masa ko sisi.

'Yan kasuwa nake fara tuhuma, kuma ba dillalan kudu kaɗai ba. Su sun saba da mai sayen tirela, ba za su sauya don ni ba. Namu na gida nake nufi, manyan masu kayan gini da kayan fenti da Allah ya hore wa jari. Hujjarsu kullum ita ce babu masu nema. Yaya za a yi a nemi abin da ba a taɓa gani a kan teburi ba? Masu nema suna nan, suna bakin rafi da baro. Shekarun baya wa ke neman farantin sola a unguwa? Da aka baje shi a rumfa ai ga shi har a ƙauye. Kuma wannan kaya ba tumatir ba ne da zai ruɓe, ba siminti ba ne da zai daskare in ya daɗe. In dai an kare shi daga laima, sai ya shekara a ajiye bai canza ba. Tan ɗaya buhu 40 ne. A ce duk faɗin Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, inda ake ƙera komai daga murhu har injin casa, ba za a sami mutum 40 da za su ɗauki buhu ɗai-ɗai ba? Ban yarda ba. Abin da ya hana shi ne ribar ba ta da saurin ta fale-falen tayil, shi ke nan.

Kuma in za ku fasa, ku fasa da gaskiya. A bar shi a buhunsa na asali mai ɗauke da suna da lambar girman ƙwaya, in za a ƙulla kilo 5 a rubuta abin da ke ciki. Ina faɗin haka ne don an taɓa kawo mini wani baƙin tsaki a buhun shinkafa da araha, da na zuba a tafin hannu sai ga ɓarɓashin fenti kala-kala a ciki. Shara ce aka kwaso daga filin da aka gama wanke wani tanki ko jirgi, ta riga ta farfashe ta zama gari, ga dattin duk abin da aka kankare da ita. Wanda ya sayar wa mai shagon gida irin wannan ya san abin da yake yi, kuma Allah zai tambaye shi.

Sai ƙungiyoyinmu na masu walda da makanikai da masu fenti. Ana karɓar kuɗin wata, ana ɗinka anko, ana kai ziyara gidajen 'yan siyasa, ana tara gudummawar biki da suna. Duk ba laifi. Amma ƙungiyar da za ta iya tara kuɗin walima ba za ta kasa yin karo-karo ta sayi tan ɗaya na ganet ta ajiye a ofishinta ta riƙa sayar wa 'ya'yanta buhu-buhu ba. Adashe muka gada, ba sai an koya mana ba. Fiye da haka ma, za ta iya kafa akwatin feshi guda ɗaya na haya. Akwati ne na ƙarfe a rufe, da gilashin leƙawa da safar hannu biyu a maƙale, ka sa kayan a ciki ka yi feshinka, ƙura ba ta fito ba, tsakin ya gangara ƙasa ka sake amfani da shi. Duk mai waldan kirki zai ƙera shi cikin kwana biyu, abin da zai saya kawai shi ne matatar ƙura. A irin wannan akwati buhu ɗaya na alumina, wato tsakin da ake yin dutsen wasa wuƙa da samfefa da shi, yana juyawa sau da yawa kafin ya mutu. Ganet ma ana tankaɗe shi a maimaita 'yan lokuta. Mai cewa yashi ya fi araha bai lissafa cewa yashi sau ɗaya yake aiki ya zama ƙura ba, bai kuma sa kuɗin asibiti a lissafin ba.

Hukuma kuwa, muna da Dokar Masana'antu ta 1987, muna da jami'an duba wuraren aiki a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago, kuma tun 1995 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da wannan cuta daga doron ƙasa zuwa 2030. Saura 'yan shekaru. Ostareliya ta kai ga haramta wani nau'in dutsen kanta na kicin gaba ɗaya a 2024 saboda wannan ƙurar dai. Mu ba mu roƙi da yawa ba. Sanarwa a rediyo da Hausa, minti ɗaya, cewa fesa yashin rafi yana kashe mutum kuma madara ba ta magani. Takarda guda a asibitoci da ke tuna wa ma'aikacin lafiya ya tambayi mai tari sana'arsa. Sauƙin haraji a kan tsakin da ba shi da silika da takunkumin kirki. Amma ina gargaɗi, kada wani ya karanta wannan ya ga ƙofar samu ta buɗe, ya fito da rasit yana bin shaguna yana ƙwace kwamfaresa. Hani ba tare da an kawo madadin ba zai mayar da aikin ne cikin ɗaki a rufe ƙofa, inda ƙurar ta fi kisa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne madadin yana zube a bola muna takawa. A ƙasashe da yawa fasassun kwalabe ake niƙawa a tace su daidai girma a sayar a matsayin tsakin feshi, kuma yana cire tsatsa sosai. Gilashi daga yashi aka yi shi, amma narkawar da ya sha ta sauya masa siffa, ƙurarsa ba ta yin irin tabon da ƙanƙarar dutse ke yi. Masagan Bida sun daɗe suna narka kwalabe suna yin duwatsun ado da awarwaro, ke nan sarrafa kwalba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Injin niƙa mai guduma, ƙeran Panteka, da jerin rariya da wurin wankewa da busarwa, an gama masana'anta. Totuwar masara da muke hura wuta da ita, a Amurka niƙa ta ake yi a fesa wa katako da abubuwan da ba a so a ƙwarzane, haka ma ɓawon wasu 'ya'yan itace masu tauri. Garin soda, irin na masu burodi amma mai manyan ƙwayoyi, shi aka yi amfani da shi wajen wanke cikin mutum-mutumin 'yanci na New York a gyaran shekarun 1980, kuma yana da kyau ga kabireta da kayan alminiyam, ko da yake ba ya iya tsatsa mai kauri. Muna da jami'o'i da kwalejojin fasaha da ɗalibai ke neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai, muna da cibiyoyin da aka kafa musamman don binciken albarkatun gida. Ga aiki nan a gabansu. Sai dai kada wani ya ji wannan ya sa yara daka kwalba a turmi a tsakar gida. Aikin inji ne a rufe, kuma ko da wane irin tsaki ne, ƙura ƙura ce, tsatsa da fentin da ke tashi ma guba ne, dole a sa takunkumin roba mai matata wanda ya kama fuska. Mai feshi a fili kuwa hular da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo ita ce kariyarsa.

Na san wani maigidan zai ce, Malam, kai kana da wata hanyar samu, mu da wannan muke ci da iyali. Na ji, kuma ban raina wannan magana ba. Amma kafin tsakin kirki ya zo akwai abin yi. Ƙananan kaya irin su ƙusoshi da ƙafar keken ɗinki ana jiƙa su a ruwan sodar wanki a haɗa da cajar batir, tsatsar ta saki da kanta cikin dare ɗaya, a wuri mai iska. Akwai ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa a shagunan fenti. Akwai bakin feshi da ke haɗa tsaki da ruwa, wanda ke kwantar da mafi yawan ƙurar, in dai an kwashe caɓin tun yana jiƙe an kuma yi saurin busar da ƙarfen a shafa fentin ƙasa. Duk sun fi jinkiri, na sani. In aikin ya fi ƙarfin waɗannan, a gaya wa mai kaya gaskiyar kuɗin tsaki na ainihi, in ya ƙi ya tafi da ƙyaurensa.

Domin in muka cire kunya, ba maigida ne ke riƙe tiyon ba. Yana can gefe a inuwa yana ciniki. Wanda ke cikin hazon yaro ne ɗan shekara 15 ko 17 da ubansa ya kawo ya damƙa ya ce ga amana, a koya masa abin da zai riƙe kansa. Shi bai san silika ba, bai san Turkiyya ba, abin da ya sani maigida ya ce yi. Duk wanda ya karanta wannan ya kuma sake tura yaro ɗebo yashi gobe, ya yi ne da saninsa. Wanda kuma yaransa suka riga suka yi wata da watanni a wannan aiki, ya kai su asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsu da kuɗinsa, ya buɗe baki ya gaya wa likita ainihin aikin da suke yi da tsawon lokacin da suka yi suna yinsa, don kada a tsaya a gwajin majina kawai a sallame su.